Ta Tafinta ko Ta Gaɓa: Hanyoyi Biyu na Fitar da Inji Daga Lissafin Lamda

Akwai wani kuskure da na taɓa tafkawa, har yau in na tuna sai na yi murmushi. Ina son ɗan injin da zai gudanar da jimlolin lissafin lamda, wani ɗan ƙaramin yaren lissafi da aka gina kan fankshin, sai na zauna na tsara dokokinsa da ka, ina ganin abin bai taka kara ya karya ba. Gwaje-gwajen farko duk suka wuce lami lafiya. Sannan na ba shi wannan:

(λx. ((λx. λy. y) 1) x) 2

Amsar da ta dace 2 ce. Injina ya ce 1. Ga abin da ya faru: ya ajiye x ɗin ƙarshe a gefe, ya tafi lissafa ɓangaren hagu, a can ya tarar da wani x da aka ɗaura wa 1, da ya dawo sai ya karanta x ɗin da ya ajiye da idon wancan wurin. Na manta in ce masa ya ajiye x tare da muhallin da ya tsince shi a ciki. Gyaran layi guda ne, amma nemansa ya ci min yini cur.

Irin wannan ne ya sa masana suka gaji da ƙirƙiro inji da ka sannan a koma neman hujjar cewa daidai yake. Suka ce a fara da ma'anar yaren, a riƙa juya ta mataki bayan mataki, kowane juyi sananne ne cewa ba ya ɓata ma'ana, har inji ya faɗo da kansa. Manyan hanyoyin yin haka biyu ne, kuma duk mai shirin gina ƙaramin yaren kwamfuta, ko rubuta kundin bincike, ko koyar da ɗalibai, sai ya zaɓi ta inda zai shiga.

Kafin nan, mu daidaita kalmomi. Lissafin lamda, wanda Alonzo Church ya shimfiɗa a shekarun 1930, siffofi uku kawai gare shi: suna kamar x, fankshin kamar λx.t, da kira kamar t u, wato a miƙa wa fankshin t kaya u. Dokarsa guda ce: in fankshin ya haɗu da kayansa, a sa kayan a duk inda sunan ya fito a jikinsa. Wurin da wannan haɗuwa take shi zan riƙa kira gaɓa, tunda nan ake sara. Sai dai dokar ba ta faɗi gaɓar da za a fara sara ba in suna da yawa. Ma'anar aiki ce ke faɗin wannan. Inji kuwa, a nan ba ƙarfe ake nufi ba. Injin kan takarda ne: jerin halaye da dokokin tashi daga wannan hali zuwa wancan, kowace doka ƙarama, ba bincike, ba kiran kai. Peter Landin ya fitar da na farko, SECD, a 1964, kuma sai a 1975 Gordon Plotkin ya kawo hujjar da ta ɗaure shi da lissafin lamda mai kira da ƙima, wato wanda ake lissafa kaya tukuna kafin a shiga jikin fankshin. Shekara goma sha ɗaya ke nan tsakanin inji da hujjarsa.

Ita ma ma'anar aiki salo biyu ce. Akwai ta tsalle guda, wadda ke cewa jimla kaza tana ƙarewa da ƙima kaza, ba ruwanta da abin da ya faru a hanya. Gilles Kahn ne ya yayata ta a 1987. Akwai ta taki-taki, wadda ke cewa jimla kaza tana komawa jimla kaza a taki ɗaya. Plotkin ya tsara ta a 1981, daga baya Matthias Felleisen ya ba ta siffar da za mu yi amfani da ita a nan. Kowane salo da hanyarsa ta zuwa inji.

Hanyar tafinta

Wannan tana farawa daga tsalle guda. In dokokinka ba su da harshen damo, wato kowace jimla doka ɗaya ce ta dace da ita, kana iya rubuta su a matsayin tafinta, ɗan furogiram mai karɓar jimla da muhalli ya mayar da ƙima. Muhalli shi ne rajistar da ke cewa suna kaza ƙima kaza aka ɗaura masa. Tafintan layi uku ne. In suna ne, duba shi a muhalli. In fankshin ne, naɗe shi da muhallinsa ka mayar. Wannan naɗin shi ne ƙunshi. In kira ne, t u, lissafa t ka sami ƙunshi, lissafa u ka sami ƙima, sannan ka lissafa jikin ƙunshin a muhallinsa da aka ƙara wa wannan ƙimar.

Layi na ukun nan yana ɓoye abu. Sa'ad da tafinta ya tafi lissafa t, wa ke tuna masa cewa u na jira? Yaren da ka rubuta tafintan a cikinsa ne ke riƙe masa, a nasa tulin kira. Juyi na farko shi ne a ƙwace wannan aiki daga hannun yaren. Sai a ƙara wa tafinta abu na uku, saura, wato fankshin da ke cewa ga abin da za a yi da amsar in ta fito. Yanzu layi na uku ya zama: lissafa t, saurarka ita ce "in f ya fito, lissafa u, saurarka kuma ita ce 'in v ya fito, shiga jikin f da v, ka ci gaba da saurar asali'". Ba wani kira da ke dawowa kuma. Kowa miƙawa yake gaba.

Juyi na biyu zan kira shi daskararwa. Ka duba furogiram ɗin ka ƙirga wuraren da ake haifar da saura. Uku ne: ta farko da ke cewa an gama, da biyun nan na layi na uku. Tunda uku ne rak, ba sai sun zama fankshin ba. Kowace a mayar da ita ɗan bayani mai lakabi, ɗauke da abubuwan da take buƙata daga waje. Ta farko, Ƙarshe, ba ta ɗauke da komai. Ta biyu, Kaya, tana ɗauke da u, da muhalli, da saurar asali. Ta uku, Jira, tana ɗauke da f da saurar asali. Sai a rubuta fankshin guda mai duba lakabi ya yi abin da ainihin saurar za ta yi. Shi ke nan. Abin da ke hannunka fankshin biyu ne masu jefa wa juna aiki, kuma in ka rubuta layukansu a matsayin dokokin tashi daga hali zuwa hali, injin CEK ne, wanda Felleisen da Daniel Friedman suka gabatar a 1986.

Ka lura da Kaya. Me ya sa muhalli ke cikinta? Ba don wani ya tuna ba ne. Saurar ta ambaci muhalli a jikinta, kuma daskararwa ba ta barin abin da aka ambata a baya. Kuskuren da ya ci min yini ba shi da ƙofar shiga ta nan. Ko da ka so mantawa, kompaila, wato furogiram mai fassara abin da ka rubuta zuwa yaren kwamfuta, zai tsayar da kai ya ce ga suna ba mai shi.

Duka juyin biyu John Reynolds ne ya nuna su tun 1972, kuma ɗaya daga cikin tafintocinsa a wancan aikin, in ka dube shi da kyau, CEK ne in ban da suna. Sai a 2003 Mads Sig Ager, Dariusz Biernacki, Olivier Danvy da Jan Midtgaard, a jami'ar Arhus ta ƙasar Denmak, suka nuna cewa wannan hanya ce mai zaman kanta, kuma ana bin ta gaba da baya. In ka canza tafinta ya daina lissafa kaya kafin shiga fankshin, ya naɗe su kawai da muhallinsu ya ajiye, wato kira da suna, juyin nan biyu za su kai ka injin Jean-Louis Krivine, wanda ya yi ta yawo hannu da hannu tun shekarun 1980 kafin a buga shi a 2007. A can saura biyu ce kawai, Ƙarshe da Kaya, shi ya sa ta zama tuli zalla. Dokoki uku: in kira ne, tura kaya kan tuli, in fankshin ne, ɗauko na sama ka sa a muhalli, in suna ne, buɗe ƙunshinsa ka ci gaba. A kan jimlar (λx.x) ((λy.y) (λz.z)), CEK yana yin taki 11, na Krivine yana yin 6, alhali sara biyu ne kowannensu ya yi.

Hanyar gaɓa

Wannan tana farawa daga taki-taki. Ana rubuta ma'anar da abu biyu: dokar sara, da nahawun kewaye. Kewaye jimla ce mai gurbi guda a cikinta, kuma nahawunsa ne ke faɗin inda aka yarda a yi sara. A kira da ƙima daga hagu zuwa dama, kewaye ko dai gurbi ne tsirara, ko K u (K ɗin shi ma kewaye ne), wato gurbin na ɓangaren fankshin, ko v K, wato fankshin ya riga ya zama ƙima, gurbin na ɓangaren kaya. Taki ɗaya aiki uku ne: rarraba jimla zuwa kewaye da gaɓa, sare gaɓar, mayar da sakamakon cikin gurbi. Sai a sake daga farko.

A kan takarda wannan abin sha'awa ne. A kwamfuta kuwa wahala ce. Ɗauki lissafi mai sauƙi, 1 + (2 + (3 + ...)) har zuwa 1000. Gaɓar farko tana can ƙasa, sai ka ratsa alamar tarawa 999 kafin ka same ta. Ka sare, ka hauro kana ɗinke jimlar har sama, ka sake gangarowa ta 998, haka haka. Gangarowa kaɗai ta kai 499,500, ga kuma haurowa kwatankwacin haka. Duk don tarawa 999.

Danvy da Lasse Nielsen, a farkon shekarun 2000, suka lura da abin da in an faɗa maka sai ka ce ai kowa ya sani: ɗinkewa da sake rarrabawa suna bin juna a kullum, kuma na biyu warware na farko yake yi. To me zai hana a tsaya inda ake, da sakamakon sara a hannu ɗaya da kewaye a ɗaya hannun, a ci gaba da neman gaɓa ta gaba daga nan? Wannan shi ne sake saiti. Abin daɗin shi ne ba sai ka rubuta sabon fankshin ba. In ka rubuta mai rarrabawar yana tara kewaye yayin da yake gangarawa, shi ɗin ne za ka kira da kewayen da ke hannunka maimakon gurbi tsirara. A misalin tarawar nan, aikin ya sauko daga kusan miliyan guda zuwa 'yan dubbai. Daga nan sai share-share: a haɗe madaukin da ke maimaita taki da mai rarrabawar, a cusa dokar sara a inda ake kiranta, a gajarce takin da an san inda za su kai. Abin da ya rage inji ne.

Amma akwai wani tsauni a nan da masu farawa ba sa hangowa. In ka sake saiti a kan lissafin lamda na asali, injin da za ka samu mai musanya ne: duk sara sai ya bi jikin fankshin yana maye suna da kaya. Ba muhalli, ba ƙunshi. In muhalli kake so, dole ya kasance a cikin lissafin tun farko. Pierre-Louis Curien yana da lissafin ƙunshi da ya buga a 1991, sai dai Małgorzata Biernacka da Danvy sun tarar bai ishi taki-taki ba: in ka raba muhalli ga ɓangarori biyu na kira, abin da ya fito ƙunshi ne ana miƙa masa ƙunshi, kuma nahawun Curien ba shi da wurin wannan. Suka ƙara masa wannan siffa ɗaya, a aikinsu na 2007, sai CEK da na Krivine suka fito ta wannan hanya ma.

Inda suka haɗu

Ka ajiye jerin biyu kusa da juna. Ƙarshe, Kaya, Jira. Gurbi tsirara, K u, v K. Abu ɗaya ne. Kewaye saura ce da aka daskarar, saura kuma kewaye ne da aka narkar. Ranar da na fara ganin wannan na daɗe ina kallon takardar, domin mutanen da suka ƙirƙiro abubuwan biyu ba tambaya ɗaya suke amsawa ba.

Saboda haka a kan lissafin lamda tsantsa, tambayar wacce ta fi ba ta da wani nauyi. Duk inda ka bi gida ɗaya za ka sauka. Zaɓin yana fara ciwo ne in yaren ya girma, ko in akwai abin da kake son tabbatarwa game da shi.

Abin da ya raba su

Na farko, kuma shi ya fi yanke hukunci a aikace: me ke hannunka yanzu? In kana da tafinta mai aiki a Scheme ko OCaml ko Haskell, da gwaje-gwajensa, hanyar tafinta kusan kyauta ce. Kowane mataki furogiram ne mai gudana, kana iya sake gwajinka bayan kowane juyi, in ka yi tuntuɓe ka san a wane mataki ne. In kuwa ma'anar yarenka a rubuce take da dokokin taki-taki, kamar yadda aka rubuta ta WebAssembly, komawa ka ƙago tafinta don ka juya shi ɓata lokaci ne, kuma ka ƙara wa kanka bashin hujjar cewa tafintan ya dace da dokokin.

Na biyu shi ne jimlar da ba ta ƙarewa. Ɗauki (λx. x x) (λx. x x), wadda duk sara take haifar da kanta. Ɗauki kuma 3 4, lamba ana miƙa mata kaya, abin da ba shi da doka. Ta farko lafiyarta lau, gudu kawai take ba tsayawa. Ta biyu ta maƙale. A idon tsalle guda duka biyun abu ɗaya ne: ba ƙimar da suke kaiwa, ba abin cewa. Taki-taki kuwa yana rarrabe su sarai. Wannan ya shafi abin da hujjarka za ta iya faɗa. In ka fito daga tsalle guda, abin da ka samu kai tsaye shi ne inji da ma'ana sun yarda a kan furogiram masu ƙarewa. Sauran sai ka ƙara aiki, ko ta ƙara dokokin kuskure, ko ta irin ma'anar da Xavier Leroy da Hervé Grall suka tsara don gudu marar iyaka. Ba banza ba kompailan CompCert, wanda ya fara da tsalle guda, ya koma taki-taki mai ɗauke da saura. In burinka hujjar cewa furogiram mai ingantaccen nau'i, wato wanda ba ya sa lamba inda ake son fankshin ko makamancin haka, ba ya maƙalewa, irin wadda Andrew Wright da Felleisen suka shimfiɗa a 1994, taki-taki kake buƙata ko ta halin ƙaƙa, to gara injinka ma ya fito daga can.

Na uku, abubuwan da ke tsallake tsari: jefa kuskure, call/cc (umarnin da ke miƙa wa furogiram saurarsa a hannu), da danginsu. A hanyar gaɓa waɗannan kamar don su aka yi ta. Kewaye yana hannunka a fili, dokar call/cc layi guda ce, kwafi kewayen ka miƙa shi a matsayin ƙima. A tsalle guda kuwa kowace doka sai ta yi 'ya'ya: in ɓangaren hagu ya jefa kuskure, in na dama ya jefa. Ma'anar Standard ML ta 1990 sai da ta kafa wata yarjejeniya ta musamman don kada a rubuta waɗannan dokoki duka. Gaskiya ne kana iya fara tafintanka da saura tun farko, ka tsallake juyi na ɗaya, amma ka ga ke nan ka riga ka yi rabin tunanin inji da ka. Zaren aiki da yawa masu gudana tare kuwa ba a ma maganarsu: in ba taki, ba inda za a tsaya a ba wani dama.

Na huɗu ya juya wa hanyar gaɓa baya. Kira da buƙata, inda ba a lissafa kaya sai an nema, kuma in an lissafa sau ɗaya a ajiye amsar, ya fi kwanciya a tsalle guda. John Launchbury ya ba shi ma'ana mai ma'aji a 1993, Peter Sestoft ya fitar da inji daga cikinta a 1997, inda alamar "in ka gama, koma ka sabunta wuri kaza" ke hawa tuli. Ta hanyar tafinta wannan alama ba dabara ba ce, saura ce guda da aka daskarar kamar sauran. Akwai lissafin taki-taki na kira da buƙata, wanda Zena Ariola, Felleisen, John Maraist, Martin Odersky da Philip Wadler suka gabatar a 1995, kuma ana iya sake saiti a kansa. Amma nahawun kewayensa murɗaɗɗe ne, domin in an nemi suna sai a koma baya cikin kewaye a nemo inda aka ɗaure shi, injin da ke fitowa kuma ba shi da ma'aji, abin nazari ne fiye da abin gudanarwa. Mai son injin yare irin Haskell ya bi ta tafinta.

Na biyar, sharuɗɗa. Hanyar tafinta tana son dokokin su zama fankshin, kuma daskararwa tana son ganin furogiram ɗin gaba ɗaya don ta ƙirga saura. Waɗannan ba kasafai suke ba da wahala ba. Na sake saiti sun fi santsi. Dole kowace jimla ta rarrabu ta hanya ɗaya tak, kuma dole gaɓa ta gaba ta samu daga inda aka tsaya. Matsalar tana fitowa in kana son sara har cikin jikin fankshin, kamar yadda furogiram masu duba hujja irin Coq (wanda yanzu ake kira Rocq) ke buƙata. Duba ((λx.x) (λy.t)) z. Bayan sara na farko, λy.t ne a hannunka. In a saman jimla yake, sai ka shiga jikinsa. Amma a nan z na jiransa, shi ne rabin sabuwar gaɓa, shiga jikinsa kuskure ne. Ke nan abin da za a yi da fankshin ya dogara da irin kewayen da yake ciki, nahawun kewaye ya rabu iri-iri, kuma sake saiti na asali bai isa ba sai an faɗaɗa shi. An yi wannan faɗaɗawar, amma ba aikin yamma ɗaya ba ne.

Sai batun hujja a kwamfuta, inda abin ya juye. Coq ba ya karɓar fankshin da bai tabbata yana ƙarewa ba, tafintan lissafin lamda kuwa ba ya ƙarewa a kan wasu jimloli. Dole ka ba shi ma'aunin mai da ke raguwa, ko ka mayar da shi dangantaka, kuma da ka yi haka sauƙin "juya furogiram kawai" ya ragu. Taki ɗaya kuwa kullum yana ƙarewa. A 2010 Filip Sieczkowski, Biernacka da Biernacki, a jami'ar Wroclaw ta ƙasar Folan, suka tabbatar da sake saiti sau ɗaya a Coq ga duk yaren da ya cika sharuɗɗa: ka kawo nahawunka da hujjar sharuɗɗan, ka karɓi inji da hujjarsa.

Akwai abin da ba wadda za ta ba ka a cikinsu, kada ka sa rai. Ba su san sauri ba. Injin da ya fito gadon ma'anar da ka zuba yake ci: in muhallinka jeri ne, neman suna zai yi ta bin jeri, in ƙunshinka yana kwashe muhalli duka har da abin da ba ya buƙata, injin zai riƙe ƙwaƙwalwar da ya kamata ya saki. Dabarar da ta sa injin ZINC na Leroy, na 1990, yake miƙa kaya da yawa a kira guda ba tare da ƙera ƙunshi a tsakani ba, tunanin mutum ce. Ana iya komawa baya a gano tafintan da ya dace da irin wannan inji, kamar yadda Danvy ya yi wa SECD ya tarar saura hawa biyu ce a ciki, amma gano dabara bayan an yi ta daban, ƙirƙiro ta daban. Tambayar ko takin inji nawa ke bin kowane sara, ita ma fage ce mai zaman kanta, wadda Beniamino Accattoli da abokan aikinsa suka ɗauka gadan-gadan tun 2014.

To wacce?

In ni ne, ga ɗalibi ko mai gina yare don ya yi aiki da shi, tafinta zan ce ya fara. Yana ganin abu na motsi a kowane mataki, kuma zai fahimci tulin kira fahimtar da karatu ba ya bayarwa. Haka ma duk wanda yarensa ke da ma'aji ko kira da buƙata. Mai rubuta ma'anar da wasu za su dogara da ita, ko mai hujjar nau'i, ko wanda yarensa ke da call/cc ko zare da yawa, ya bi ta gaɓa, ya kuma haƙura da wahalar shigar da ƙunshi cikin lissafinsa tun da wuri, kada ya bari sai ya ga injin musanya ya fito sannan ya fara faci.

Abin da nake yi da kaina kuwa, in aikin mai muhimmanci ne, shi ne in ɗauki zuciyar yaren, siffofi uku ko biyar, in bi da su ta hanyoyin biyu, in jera saura da kewaye in gani ko sun yi daidai. In ba su yi ba, tafintana da dokokina ba yare ɗaya suke bayyanawa ba. Na taɓa kama irin wannan a tafintan da na rubuta a OCaml, inda na lissafa t da u a cikin baka guda, a matsayin tagwaye. OCaml bai yi alkawarin wanda zai fara lissafawa ba, kuma wanda nake amfani da shi daga dama yake farawa. Dokokina na takarda suna cewa K u sannan v K, wato hagu kafin dama. Tafintan yana yin akasin haka, ba gwajin da ya nuna, domin jimlolin gwajin ba masu bugawa ko jefa kuskure a cikinsu. Sai da na zo miƙa saura, inda dole in rubuta da hannuna wanda zai riga wani, na tsaya na duba abin da furogiram ɗin yake yi a zahiri, na tarar u yake fara lissafawa, t na jira.